Ku Tambayi Likita: Me Yawan Ambato Yake Faɗa Game da Mai Binciken Zuciya?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin abin da ke cikinta yana damun matasan likitocinmu da yawa, ko da ba su furta ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Likita. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na karatun likitanci, kuma burina in ƙware a fannin zuciya. An ba mu aikin nazarin rubuce-rubucen masu bincike biyu, Farfesa Eugene Braunwald na Amurka da Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano. Da na duba alƙaluma sai na ga an ambaci ayyukan Braunwald fiye da sau dubu ɗari, namu na gida kuwa ko kusa bai kai ba. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Shin binciken da ake yi a nan ba shi da wani tasiri ke nan? Kuma mene ne wannan ma'aunin h da kowa yake magana a kai?
Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya cika miki wannan buri, don kuwa masu ciwon zuciya a Arewa sun fi ƙarfin likitocin da muke da su.

Mu fara da abin da alƙaluman suke ƙirgawa. Kowace maƙalar bincike tana ƙarewa da jerin ayyukan da marubutanta suka dogara da su. Duk ranar da maƙalarki ta shiga jerin wani, an ambace ki sau ɗaya ke nan. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan ambato wuri guda, a wata maƙala da ya buga a mujallar Science a 1955, kuma daga 1964 cibiyarsa ta fara fitar da kundin a kai a kai. Abin da ya sa a gaba tun farko shi ne mai karatu ya iya bin sawun maƙala, ya ga wa ya ɗora a kanta, wa ya gyara ta, wa ya ƙaryata ta. Daga baya ne jami'o'i suka mayar da kundin abin auna mutane. Ma'aunin h kuwa sai a 2005 ya zo, daga wani masanin fiziya na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jorge Hirsch. Lissafinsa ba wuya: idan kina da maƙaloli 20 da aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 20, to h ɗinki 20 ne, ko da kin rubuta wasu 100 da ba wanda ya waiwaye su. Ba ya raguwa, shekaru kuma suna ƙara shi, shi ya sa ba a haɗa dattijo da matashi a kansa. Rumbunan intanet masu ƙirga ambato, wato Google Scholar da Scopus da Web of Science, kowanne da abin da yake ƙirgawa, na farkon har kundayen digiri yana kwasowa, don haka mutum ɗaya sai ya tashi da lamba uku a rana ɗaya. Ki rubuta a aikinki wanda kika yi amfani da shi da ranar da kika duba.

Braunwald bai sami lambarsa a banza ba, kada kowa ya gaya miki haka. An haife shi a Biyana ta Ostiriya a 1929, iyayensa Yahudawa suka tsere da shi daga 'yan Nazi, suka isa Amurka a 1939. A zamanin da ya fara aiki, likitoci sun ɗauka idan jijiyar da ke shayar da naman zuciya ta toshe, to abin da zai mutu ya riga ya mutu nan take, sai dai a kwantar da mutum, a ba shi maganin zafi, a jira. A 1971 shi da Peter Maroko da abokan aikinsu suka buga gwajin da suka yi a kan karnuka a mujallar Circulation, suka nuna cewa abin da aka yi a sa'o'in farko bayan toshewar yana iya rage naman da zai lalace ko ya ƙara shi. Gaggawar da kike gani ana yi yau da mai ciwon ƙirji, a ruga da shi a buɗe jijiya, tana da tushe a nan. A 1984 ya kafa ƙungiyar gwaje-gwajen asibiti ta TIMI, wadda ta gudanar da manyan gwaje-gwaje masu yawa a kan magungunan narkar da gudan jini da na rage kitsen jini. A 1992 shi da Marc Pfeffer suka fitar da sakamakon gwajin SAVE a kan marasa lafiya 2,231 da zuciyarsu ta raunana bayan toshewar jijiya, aka ga maganin kaftofiril ya rage mutuwa da kashi 19 cikin 100. Dangin wannan magani ne kike rubutawa a kati kullum a ɗakin marasa lafiya. Babban littafinsa na cututtukan zuciya, wanda ya fara fitowa a 1980, har yanzu ana sabunta shi. Maƙalolinsa sun haura dubu.

Sai dai ki lura da cutar da ya ba rayuwarsa. Toshewar jijiyoyin zuciya ita ce kan gaba wajen kisa a duniya, kuma ta fi damun ƙasashen da suke da kuɗin bincike. Dubban masu bincike ne suke rubutu a kanta kowace shekara, kamfanonin magani suna zuba maƙudan kuɗi, kuma kowace sabuwar maƙala dole ta ambaci waɗanda suka share fagen. Ga shi ya kwashe fiye da shekara sittin yana bugawa. Lambar ambato tana nuna ingancin mutum, tana kuma nuna yawan jama'ar da suka taru a kan tambayar da yake yi. Rabi na biyun nan shi ne ɗalibai ba sa gani.

Yanzu ki zo mu duba cutar da aka fi sanin Farfesa Karaye da ita, wato gazawar zuciya ta masu jego. A ɗakin mata na kowane babban asibiti a Kano ko Katsina ko Sakkwato za ki same ta. Yarinya ce 'yar ashirin da 'yan kai, ta haihu wata biyu ko uku da suka wuce, ba ta daɗe da gama wanka ba. Ba ta iya kwanciya, a zaune take kwana da matasai a bayanta, magana kaɗan sai haki. Ƙafafu sun kumbura har gwiwa, in kin danna da yatsa ramin ya zauna. Kakar jaririn tana gefen gado da goyo. Idan aka ɗora mata na'urar hoton zuciya sai ki ga ɗakin hagu ya buɗe ya yi faɗi, bangonsa yana motsi da ƙyar. Lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke wannan ɗaki a kowane bugu. Ta wannan yarinya wani lokaci ko kashi 25 cikin 100 ba ta kaiwa.

A Amurka ana ganin wannan cuta sau ɗaya a haihuwa 1,000 zuwa 4,000. A Japan kusan sau ɗaya a 20,000. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ruwaito ɗaya cikin 102 a 2007. Likitan zuciya a Turai zai iya yin shekara bai ga mace ɗaya mai ita ba, don haka masu rubutu a kanta a duniya kaɗan ne, masu ambato ma haka. Maƙalar da ta fi kowace kyau a wannan fanni da wuya ta kamo manyan maƙaloli a kan kitsen jini wajen yawan ambato.

Akwai wani tarihi a garinku da nake so ki sani, domin ya fi duk wani bayani nuna yadda ambato yake aiki. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Farfesa Eldryd Parry suka bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga babban rahotonsu a 1978. Sun ga kusan duk matan Hausawa ne, sun ga cutar ta fi yawa a watannin zafi da damina, suka kuma duba abin da mai jego take yi a kwana arba'in ɗinta: wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, ga kunun kanwa ana ɗura mata. Suka yi hasashe mai ma'ana, cewa gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Aikin na kirki ne ƙwarai, kuma sun ci gaba da bibiyar matan shekaru da dama, abin da ko yau ba kowa yake iyawa ba. Parry ya rasu a 2022, bayan ya yi wa makarantun likitanci na Zariya da Ilori da Kumasi hidima.

Abin da ya biyo baya shi ne abin dubawa. Kusan duk wanda ya rubuta bita a kan wannan cuta a Amurka ko Turai ko Asiya sai ya sa jimla ɗaya: cutar ta yi yawa a tsakanin Hausawan Najeriya saboda kanwa da gadon wuta. Ki ɗauki irin waɗannan maƙaloli biyar ki bi lambar da ke ƙarshen jimlar. Wannan ya ambaci bitar wancan, wancan ya ambaci littafi, littafin ya ambaci Zariya. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan: ruwaya ba ta zama mutawatira don masu faɗarta sun yi yawa a ƙarshe, matuƙar dukansu ga mutum ɗaya suke komawa. Hasashe ya yi ta yawo shekara arba'in har ya ɗauki kamannin tabbas, marubutan kuwa yawancinsu ba su taɓa ganin kanwa ba. Ga kuma wani abu da aka riƙa tsallakewa. Tun a 1979 John Sanderson da abokansa suka yi wa irin waɗannan mata hoton zuciya a Zariya, suka ga da yawansu zuciyar tana matsawa da ƙarfinta, ruwa ne ya yi wa jiki yawa. Ma'anar cutar da ake aiki da ita yau, wadda Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta tsayar a 2010, ta ce kusan kullum abin da zuciya take fitarwa yakan gaza kashi 45. Ashe wasu daga matan Zariya na wancan lokaci wata matsala ce daban take damunsu.

Wanda zai warware wannan dole ya kasance inda matan suke. Karaye ya jagoranci wani rajistan bincike mai suna PEACE a asibitoci 22 a faɗin Najeriya, aka tattara mata 406 masu cutar, aka kwatanta su da masu jego lafiyayyu. Sakamakon ya fito a 2020 a mujallar ESC Heart Failure. Fiye da kashi 70 na matan daga Arewa maso Yamma suke, a wani asibitin Kano kuma an sami ɗaya cikin haihuwa 96. Da aka yi lissafi, wankan jego da kunun kanwa da ma kasancewa Bahaushiya ko Bafulatana ba su fito a matsayin abin da yake raba masu cutar da lafiyayyu ba. Abubuwan da suka fito su ne ramar jiki, da hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga, da rashin karatun boko, da rashin sana'a. A taƙaice, talauci da yunwa da awon ciki da ba a samu ba. A wannan shekarar kuma mujallar Kwalejin Likitocin Zuciya ta Amurka, ɗaya daga manyan mujallun fannin, ta buga abin da ya sami mata 244 daga cikinsu bayan kimanin wata 17: kashi 18.7 sun rasu, kashi 22.6 kacal zuciyarsu ta koma daidai. A wani bincike makamancinsa a Arewacin Amurka da aka buga a 2015, kashi 72 na mata 100 ne suka warke cikin shekara guda. Duk lokacin da na ajiye waɗannan alƙaluma kusa da juna sai raina ya ɓaci, domin tazarar ba daga zuciyoyin matan take ba.

To ki auna da kanki. Maƙalar da ta sauya tambayar da likita zai yi wa mai jego, ta ɗauke ido daga tukunyar wanka ta mayar da shi kan abinci da awon ciki, tasirinta nawa ne? Ambatonta ba zai kai na gwajin SAVE ba, kuma ba laifin kowa ba ne.

Akwai ma inda abin da duniya ta fi ambata ba ya shiga gidajenmu kai tsaye. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner ta Hanoba a Jamus ta buga a mujallar Cell cewa wani gutsure na sinadarin da ke kawo ruwan nono yana lalata zuciyar ɓeraye bayan haihuwa. A 2010 Karen Sliwa ta gwada maganin buromokiriftin a kan mata 20 a Afirka ta Kudu, sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwa. Ayyukan biyu suna cikin waɗanda aka fi ambata a fannin, kuma sun cancanta. Amma maganin yana ƙafar da nono. A ƙauyen da babu kuɗin madarar gwangwani, ruwan sha kuma na rijiya ne, dole likita ya auna ran uwa da na jariri tare. Wannan tambaya ba wanda zai amsa mana ita daga Hanoba.

Kada kuma ki ɗauki maganata a matsayin uzuri. Akwai maƙaloli birjik daga jami'o'inmu da ba a ambata domin babu abin ambato a cikinsu. An kwaso katunan marasa lafiya ɗari daga asibiti ɗaya, an ƙirga masu hawan jini, an buga don a cika sharaɗin ƙarin girma. Ba a kwatanta da kowa ba, ba a bibiyi kowa ba. Irin wannan shirun da aka yi masa daidai ne. Abin da ya sa aka saurari PEACE shi ne asibitoci da yawa sun haɗa kai, an yi wa kowace mace hoton zuciya, an bi ta wata da watanni. Haka gwajin CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida a kan mutum 728, wanda ya fito a New England Journal of Medicine a 2019, ya nuna haɗin maganin hawan jini mai amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Idan tambaya ta yi kyau, tsari ya yi kyau, ana karanta mu.

A aikin da aka ba ki, ki kawo alƙaluman a shafi ɗaya ki wuce. Sauran ki zaɓi maƙaloli uku ko huɗu na kowannensu inda sunansa ya zo a farko ko a ƙarshe, domin a nan ake gane aikin mutum na kansa. Maƙalar da take da marubuta ɗari biyar tana ba kowannensu cikakken ambato, ko da alƙaluman asibitinsa kawai ya aika. Ki karanta su daga farko har ƙarshe, ki faɗi abin da likitoci suke yi kafin maƙalar da abin da suka koma yi bayanta.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni ƙaramin malami ne a sashen likitanci. Na gama rubuta maƙalata, sai wani babba a sama da ni ya ce in sa sunansa, in kuma ambaci maƙalolinsa guda takwas waɗanda ba su shafi aikina ba. Ya ce kowa haka yake yi. Ina tsoron ɓata masa rai. Kuma ina so in sani, zai yiwu a yi ta ambaton aiki alhali ƙarya ne?
Daga wani malami, ya nemi a sakaya garinsa.

AMSA: Ƙanena, na ji maka, domin wanda yake nema a wurinka shi ne zai zauna a kan takardunka gobe. Ba kowa ne yake yi ba. Ƙa'idar da manyan mujallun likitanci suka amince da ita ta ce marubuci sai wanda ya sa hannu a tsara aikin ko tattara bayanai ko fassara su, ya shiga rubutun, ya amince da shi, kuma ya yarda a tuhume shi a kansa. Hanyar da na ga tana fitar da mutane ba tare da rigima ba ita ce ka kai masa daftarin, ka roƙe shi ya karanta ya gyara. In ya yi aikin gaske, sunansa ya halatta, kai ma ka ƙaru. Batun maƙaloli takwas kuwa, ka ɗauki wadda ta shafi aikinka in akwai, sauran ka gaya masa cikin ladabi cewa editoci suna bincika irin wannan, kuma gaskiya ne. Kamfanin da yake riƙe da Web of Science yana dakatar da mujallu daga jerinsa saboda yawan ambaton kai da musayar ambato, yana kuma cire mutane daga jerin waɗanda aka fi ambata saboda wannan dalili.

Tambayarka ta biyu, fannin zuciya ya ga misalinta mai ɗaci. A 2001 Piero Anversa da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature cewa ƙwayoyin ɓargo da aka zuba a zuciyar ɓeran da ta lalace suna rikiɗa su zama sabon naman zuciya. Duniya ta ɗauka. Aka ambaci maƙalar sau dubbai, aka buɗe gwaje-gwaje a kan mutane a ƙasashe da dama. Tun a 2004 wasu ƙungiyoyi biyu suka buga a wannan mujallar cewa sun maimaita gwajin ba su ga haka ba, amma kuɗi da suna suka ci gaba da kwarara, har ya koma Jami'ar Harvard. An rufe ɗakin bincikensa a 2015. A 2017 hukumar asibitin Brigham, inda ɗakin binciken yake, ta biya gwamnatin Amurka dala miliyan 10 a kan zargin an sami kuɗin bincike da bayanan bogi. A watan Oktoba na 2018 Harvard da asibitin Brigham suka nemi a janye maƙaloli 31 daga ɗakin nasa, aka kuma dakatar da wani gwaji da ake yi a kan masu gazawar zuciya na ɗan lokaci. Marasa lafiya na gaske ne aka zura wa bututu a zuciya bisa wannan aiki.

Ka lura, waɗanda suka ƙaryata shi ma sun ambace shi, kuma na'urar ƙirga ba ta bambanta mai yabo da mai suka. Maƙalar da aka janye ma sau da yawa ana ci gaba da ambatonta, saboda masu kwafar jerin wasu ba sa komawa su duba. Kafin ka sa kowace maƙala a jerinka, ka buɗe ta a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci na intanet, domin in an janye ta za ka ga sanarwa a samanta.

TAMBAYA: Sallama gare ka, Likita. Ni ungozoma ce a wata cibiyar lafiya. Na ji ana cewa bincike ya wanke wankan jego da kunun kanwa, har wata kaka ta kafa mini hujja da haka. Me zan ce wa matan? Kuma me ya sa duk maganar Najeriya ake yi, alhali muna ganin cutar a nan?
Daga wata ungozoma, Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Nijar tana da kaso babba a wannan tarihi. Wani likita Bafaranshe, Arnaud Cénac, da abokan aikinsa 'yan Nijar sun daɗe suna nazarin cutar a babban asibitin Yamai, kuma su ne suka buga a 1992 cewa sinadarin seleniyam ya yi ƙaranci a jinin masu ita. Sun sami hasken ne daga ƙasar Sin, inda aka san wata cutar zuciya a yankin Keshan da ƙarancin wannan sinadari a ƙasar noma yake haddasawa. Karaye ya ɗora a kan aikin Yamai: a 2015 ya ruwaito cewa kusan uku cikin huɗu na masu cutar da ya auna a Kano seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa sosai, lafiyayyu kuwa kusan ɗaya cikin biyar. Da yawa daga rubuce-rubucen Yamai da Faransanci aka buga su, masu rubutu da Ingilishi kuwa abin da suke iya karantawa suke ambata. Shi ya sa ba ki cika jin sunan ƙasarki ba.

Game da kaka, ki gaya mata binciken PEACE bai ce kanwa tana da amfani ba. Abin da ya gano shi ne masu cutar da lafiyayyu duk suna wanka suna shan kunu kusan daidai, don haka ba a nan bambancinsu yake ba. Kanwa dai gishiri ce mai yawa. Macen da jininta ya hau lokacin ciki, ko ta yi jijjiga, ko ƙafarta ta kumbura bayan haihuwa, ko aka taɓa ce mata zuciyarta ta yi rauni, kada a ba ta ko kaɗan. A dama mata kunun gero ko na gyaɗa, a ba ta wake da ƙwai da kifi da nama gwargwadon hali, domin rama tana cikin abubuwan da binciken ya kama. Ruwan wanka a surka shi har hannu ya iya zama a ciki, ke ma kin sha ganin ƙunar da yake yi. Kada kowa ya je kemis ya sayi seleniyam da kansa. An yi gwajin share fage a kan mata 100 a Najeriya, waɗanda suka sha sun fi samun sauƙin haki, amma gwajin ƙarami ne, kuma sinadarin yana zama guba idan ya yi yawa.

Abin da ya fi komai a hannunki shi ne ganewa da wuri. Duk mai jegon da ta zo rigakafin jariri a watanni biyar na farko, ki tambaye ta ko tana iya kwanciya a miƙe, ko tari yana tashinta cikin dare, ko ɗaukar ruwa daga tsakar gida yana sa ta haki. Ki danna ƙafarta, ki ƙirga bugun jijiyarta, ki auna jini. In kin ga alama, ki tura ta inda ake hoton zuciya a wannan makon, kada a tsaya ana cewa gajiyar haihuwa ce ko sanyi ya shige ta. Wadda aka tabbatar tana da cutar kuma, a zauna da ita da maigidanta a kan tazarar haihuwa kafin ta bar asibiti, domin sake ɗaukar ciki kafin zuciya ta koma daidai yana da haɗari babba. Ki riƙa rubuta kowace ɗaya a littafi, da shekarunta da nauyinta da haihuwa ta nawa da abin da ya same ta bayan wata shida. Likitocin da za su yi wa Nijar irin rajistan PEACE daga irin littafinki za su fara.